Fadamar Lambara da Jihohi Ashirin da Huɗu

Mainasara manomin albasa ne a Lambara, cikin ƙaramar hukumar Shagari. Ya haura shekara hamsin, ba shi da yawan magana, kuma mutane sun san shi da son a faɗa masa abu a miƙe, fari ko baƙi.

Akwai wata fadama da suka gada daga mahaifinsu, shi da ƙanensa Maniru. Ba su taɓa raba ta ba. Tare suke yin fangalin ban-ruwa, tare suke dashe, in an cire albasa a raba buhuna. Wata shekara Maniru ya koma birnin Sakkwato da sana'ar gyaran injin ban-ruwa, sai ya sayar da rabonsa ga Alhaji Badaru, wani mai fataucin albasa a Bodinga, bai ko shawarci yayansa ba. Mainasara bai sani ba sai da ya tarar da baƙin mutane suna auna ƙasar da igiya.

Ya tafi Shagari wurin Malam Ladan, mai makarantar allo, wanda yake kai wa duk abin da ya shige masa duhu. Malam Ladan ya ce masa a shari'ar Musulunci akwai haƙƙin da ake kira shuf'a: in mutum biyu sun yi tarayya a wuri ba a raba ba, ɗaya ya sayar da nasa, to abokin tarayyar yana da ikon ya mayar wa mai sayen abin da ya biya, ya karɓi wurin. Mainasara ya kai ƙara, alƙali ya ba shi gaskiya. Badaru ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, can ma aka ce hukuncin alƙali daidai ne. Ranar da Mainasara ya dawo gida matarsa Atika ta toya waina, maƙwabta suka yi ta shigowa barka.

Amma Badaru bai haƙura ba. Ya ɗauki lauya ya wuce kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Dole Mainasara ya nemi nasa lauyan, Malam Ladan ya haɗa shi da ɗiyar ƙanwarsa, Barista Zuwaira. Aka yi shekara biyu da rabi ana ɗage zama. Ranar hukunci an yi ta karatu da Turanci kusan awa ɗaya, Mainasara yana zaune yana kallon bakin mai karatun. Da suka fito ya tare Zuwaira a gindin wata dalbejiya.

“Ɗiyata, ni nac ci ko shi yac ci?”

“Baba, ba wanda ya ci.”

“To alƙalin Shagari ya yi kuskure ke nan?”

“Ba su ce ya yi kuskure ba. Ba su kuma ce ya yi daidai ba. Cewa suka yi kotu ta biyu, wato kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, ba ta da hurumin sauraron ƙarar Alhaji. Kundin tsarin mulki ya ba ta maganar aure da gado da wasiyya da kyauta da irinsu. Taku kuwa maganar cinikin ƙasa ce. Babbar kotun jiha ya kamata a je.”

“Ai fadamar gado ta.”

“Gado ce tsakaninku da Maniru. Tsakaninku da Alhaji ciniki ne.”

Mainasara ya san waɗanda suka zauna a waccan kotun malamai ne masu furfura, ya ji da kunnensa suna jawo nassi. Bai gane yadda mutum zai san amsa, ya faɗe ta daidai, sannan a ce ba shi ya kamata ya faɗa ba. Rabin fadamar da ake rigima a kai ya ci gaba da zama ba shuka, ciyawa ta rufe shi, tumakin gari suna kiwo a ciki.

Bayan wata huɗu, ana shirin yafa irin albasa, Malam Ladan ya aika a kira Mainasara. Ya tarar da shi a zaure yana duba wata takarda mai hatimi.

“Mainasara, ana maganar gyaran kundin tsarin mulki. Wata ƙungiya ta malamai da lauyoyi za ta yi taro Bodinga ran Asabar, a ji ra'ayin mutane, a rubuta a kai ma majalisa Abuja. Cikin abin da anka sa gaba har da wanga hurumi da yah hana ka fadamarka. Ina son ka zo ka hwaɗi abin da yas same ka.”

“Allah shi gafarta Malam, can za a gyara abin?”

“Can za a soma.”

Mainasara ya riƙe kalmar gyara, ya bar kalmar soma. Da ya koma gida ya ce wa Atika ran Asabar za a ƙare magana. Ta wanke masa farar rigarsa ta kai wa mai guga, shi kuma ya tattara takardun kotu uku ya ɗaure su cikin leda.

Ya isa Bodinga da hantsi. An yi taron a wani babban ɗaki na makarantar Islamiyya, an jera kujerun roba, mata a gefe ɗaya maza a gefe ɗaya. Yana neman wurin zama sai ya ga Alhaji Badaru a layi na uku, shi ma da farar riga, shi ma da leda a kan cinya. Kujerar da ta rage kusa da shi ce. Suka gaisa a taƙaice, kowa yana kallon gabansa.

Can Badaru ya karkato ya ce a hankali, “Kai ma an kira ka?”

“An kira ni.”

“Su wa ad alƙalan?”

Mainasara ya duba teburin gaba. Malam Ladan ne, da Zuwaira, da wasu malamai biyu, da wani mai rubutu a kwamfuta. Ya ce, “Ban gan su ba tukuna.”

Aka buɗe da addu'a. Malam Ladan ya fara magana. Ya ce shugabanci a Musulunci ya tsaya kan shawara da adalci da riƙon amana, kuma babu ɗaya cikin ukun da zai cuci wanda ba Musulmi ba. Ya ce abin da ake nema shi ne a ga waɗannan a cikin dokokin da majalisa ke yi wa ƙasa: kada a karɓi gonar mutum sai an zauna da shi, wanda aka ba amanar jama'a ya zo gabansu ya yi bayani, wanda kuma ya zaɓi a yi masa hukunci da shari'ar addininsa a bar shi ya bi ta har ƙarshe. Mainasara ya gyaɗa kai. Wannan duk ya gane.

Sai Zuwaira ta miƙe ta yi bayanin yadda ake gyaran. Ta ce abin da za a rubuta yau shawara ce kawai. Za a kai wa kwamiti. In kwamiti ya ɗauka, sai kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai sun yarda, haka ma majalisar dattawa. Bayan nan a aika wa majalisun jihohi talatin da shida, sai aƙalla ashirin da huɗu sun amince.

Badaru ya sake karkatowa. “Jihohi nawa tac ce?”

“Ashirin da huɗu.”

“Kan fadamar Lambara?”

Tambayar da ke ran Mainasara ke nan shi ma. Ya yi ƙoƙarin lissafa jihohin da ya sani da yatsu a ƙarƙashin leda: Sakkwato, Kabi, Zamfara, Katsina, Kano, Neja. Ya kai sha ɗaya ya tsaya. Sauran ya san sunayensu ne kawai daga bakin direbobin da ke kai albasa kudu. Ya rasa ta yadda mutanen can za su san inda iyakar fangalinsa ta tsaya.

Wani malami daga cikin jama'a, Malam Ɗahiru, dogo mai kakkausar murya, ya ɗaga hannu aka ba shi lasifika. Ya ce shi bai yarda da tafiyar ba tun daga tushe. Ya ce hukuncin Allah ba abin da ake kaɗa wa ƙuri'a ba ne. In an kai majalisa aka ƙi, me za a ce? An kayar da shi? Wasu suka yi kabbara. Mainasara ya ji maganar ta shige shi, ya ga ai gaskiya ne.

Malam Ladan ya amsa cikin natsuwa. Ya ce ba hukuncin Allah za a kaɗa wa ƙuri'a ba, ikon wata kotu ne da mutane suka kafa da hannunsu, suka yi mata iyaka da hannunsu. Ya ce ƙasar nan zaman alkawari ake yi da waɗanda ba addini ɗaya ba, kuma cika alkawari shi ma umurnin Allah ne. Wasu suka sake yin kabbara, har da waɗanda suka yi ta farko. Mainasara ya ji wannan ma gaskiya ne. Ya dafe goshi.

Sai wani mutum ya miƙe daga baya, ya ce shi malamin sakandare ne, mutumin Zuru, Kirista, shekararsa goma sha tara a Bodinga, har ya sayi fili ya gina gida. Ya ce shi tambaya ɗaya gare shi: in an faɗaɗa wannan hurumi, ranar da ya samu saɓani da maƙwabcinsa Musulmi kan katanga, ina za a kai shi? Zuwaira ta ce abin da suka rubuta ya shafi shari'ar da duk ɓangarorinta Musulmi ne kawai. Mutumin ya ce ya ji, amma yana so a rubuta haka ƙarara, kada wani ya zo daga baya ya fassara yadda ya ga dama. Malam Ɗahiru ya ce in an rubuta haka an rage wa Shari'a ƙarfi. Wata mata daga ɓangaren mata ta ce ita ba wannan ya kawo ta ba, an ce za a yi maganar shawara, to su mata yaushe aka taɓa shawartarsu kan wani abu a garin nan? Ɗakin ya kaure da surutu, mai rubutu a kwamfuta ya ɗaga hannuwansa duka biyu yana roƙon a yi ɗaya bayan ɗaya.

Cikin wannan hayaniya Malam Ladan ya kira sunan Mainasara.

Ya fita da ledarsa. Lasifikar ta yi masa nauyi a hannu. Ya yi sallama, ya gaida malamai, sannan ya kwance leda ya ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya.

“Wagga ta ce ni ad da gaskiya. Wagga ma ta ce ni ad da gaskiya. Wagga ta ukku ba ta ce komi ba, amma ita ta fi su ƙarfi.” Aka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. “Ni ban yi boko ba. Abin da Malam Ladan yah hwaɗi na ji daidai na. Abin da Malam Ɗahiru yah hwaɗi, shi ma na ji daidai na. Bawan Allah na Zuru ma ban ga laihinai ba, kowa na son shi san inda za a kai shi. Ni ma abin da nika so ke nan. Da an gaya man tun farko ga ƙofar da za ni bi, da na bi ta. Shekara biyar ke nan ƙasa na kwance, ni ban ci ba, Alhaji bai ci ba. Ga shi nan zaune, ku tambaye shi.”

Duk aka juya ana kallon Badaru. Ya miƙe rabin miƙewa ya ce, “Gaskiya na,” ya koma ya zauna.

Mainasara ya juya wajen teburi. “To yanzu wa za ya yanke muna?”

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Malam Ladan ya ce a hankali, ba ta lasifika ba, “Mainasara, nan ba kotu ba ta. Zauna, za mu yi magana.”

Ya koma kujerarsa. Bai ji sauran jawaban ba sosai. Kafin azahar aka karanta abin da aka tsayar: a nemi faɗaɗa hurumin kotun ga duk shari'ar da ba ta laifi ba in masu ita Musulmi ne, a rubuta ƙarara cewa ba a tilasta wa wanda ba Musulmi ba, a kuma nemi dokar da za ta wajabta zama da jama'a, maza da mata, kafin a taɓa gonakinsu. Malam Ɗahiru ya fita bai sa hannu ba, mutum bakwai suka bi shi. Aka zagayo da takarda da tawada. Mainasara ya riƙe babban yatsansa a sama na ɗan lokaci, yana tunanin ko ya bi waɗanda suka fita. Ya dubi Malam Ladan, ya dubi ƙofa, sannan ya dangwala. Badaru ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

Bayan salla, a harabar makarantar, Badaru ya tsayar da Zuwaira, Mainasara yana tsaye kusa.

“Barista, tsaya. Wanga abu da nis sa ma hannu, da a ce da shi aka aiki tun farko, wa za ya ci tsakanina da wanga?”

“Da hukuncin kotu ta biyu ya tsaya, Alhaji, sai in an sami wani kuskure daban.”

“Wato na sa hannu a kada ni?”

“A'a. Ko an yi gyaran ba zai koma baya ya taɓa shari'arku ba. Taku tana babbar kotu.”

“To in bai taɓa tamu, mi munka zo yi?”

“Don waɗanda za su zo bayanku.”

Badaru ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya dubi Mainasara, Mainasara ya dube shi. Karo na farko cikin shekara biyar suka tsaya fuska da fuska ba lauya a tsakani. Badaru ya ce rana ta yi, gidansa ba nisa, a zo a sha fura. Mainasara ya so ya ƙi, amma bai sami dalilin da zai bayar ba. Suka zauna a zauren Badaru suka sha fura da nono, suka yi hirar tsutsar da ta addabi albasa bara da tsadar taki. Ba wanda ya ambaci fadama. Da la'asar Badaru ya kai shi tasha a kan babur.

Atika na tsakar gida tana tankaɗe ya shigo. Ta ce, “An ƙare?”

“An aika Abuja.”

“Fadamar?”

“A'a, maganar.” Ya zauna a kan turmi. “Sai jihohi ashirin da huɗu sun yarda. Kuma ko sun yarda ba tamu ba ta.”

Ta ajiye rariya ta dube shi da kyau. “Kai da wa kac ci abinci? Ga nono ga gemunka.”

“Da Alhaji Badaru.”

Ta ci gaba da tankaɗenta tana girgiza kai.

Watanni uku bayan haka aka kira shari'arsu a babbar kotun jiha. Mainasara ya tafi da zaton zai sake zama ya kalli bakin masu Turanci. Alƙalai biyu ne suka zauna. Da aka zo kan maganarsu, ɗaya daga cikinsu ya jawo wani littafi mai jan bango ya buɗe daga dama, ya karanta Larabci, ya fassara da Hausa, yana bayanin sharuɗɗan shuf'a kamar yadda ake yi a zauren Malam Ladan. Mainasara ya taɓa hannun rigar Zuwaira.

“Ɗiyata, nan ma Shari'a aka yi?”

“Da ita za su duba ƙarar, Baba, tunda da ita aka fara.”

“To mi munka roƙa a gyara Bodinga?”

“Wanda zai duba, ba abin da za a duba da shi ba.”

Ya buɗe baki zai sake tambaya, ɗan sandan kotu ya yi musu alamar su yi shiru. Alƙalin ya tambaya ko ɓangarorin sun taɓa gwada sulhu. Lauyoyin suka dubi juna. Badaru ne ya ɗaga hannu daga inda yake ya ce, ranka shi daɗe, a ba su lokaci. Aka ba su mako shida.

A zauren Malam Ladan aka zauna, aka kira Maniru daga birni, ya zo yana ta sunkuyar da kai, ya nemi gafarar yayansa. Badaru ya ce ya gaji, zai karɓi abin da ya biya ya bar ƙasa, amma da sharaɗin duk shekara in an cire albasar fadamar shi za a fara yi wa tayi. Malam Ladan ya ce yana da shakka kan sa wannan a matsayin sharaɗi, gara ya zama alkawari tsakanin Musulmi biyu. Zuwaira ta ce in ba a rubuta ba kotu ba ta san da shi ba. Aka yi ta juya magana har aka kira la'asar. Daga ƙarshe aka rubuta maganar ƙasa aka kai kotu ta amince, maganar tayi kuwa aka bar ta a baki, da shaidu uku. Lokacin dashe ya riga ya wuce, sai Mainasara ya shuka kuɓewa a wurin don kada ya sake kwana ba komai.

Takardar Bodinga kuwa, Zuwaira ta ce ta isa hannun kwamiti, an buga mata hatimin karɓa. Daga nan ba wanda ya sake jin labarinta a Lambara. Amma labarin jawabin Mainasara ya bazu, har mutane suka ɗauka ya zama masanin doka. Wata safiya yana gyaran bakin rijiya a fadama, maƙwabcinsa Bashir ya zo ya tsuguna kusa da shi. Ya ce yayarsu ta sayar da rabonta na gonar gero ga wani mutumin Dandin Mahe, su kuma ba a raba ba. Wace kotu zai fara zuwa, kuma in an ɗaukaka ƙara ina za a nufa?

Mainasara ya ajiye fartanya. Ya ɗauki tsinke ya zana layi uku a ƙasa, ya fara bayani. Ya kai layi na biyu ya tsaya, ya goge na ukun da tafin hannu, ya sake zana shi a wani gefen, ya daɗe yana kallonsa.

“Gonar gado ta ko ciniki?” in ji shi.

“Ai duka biyu na,” in ji Bashir.

“To.” Mainasara ya jefar da tsinken. “Barista na zuwa Shagari ran Alhamis. Ka shirya da sahe mu tahi tare. Amma kahin nan, ka san gidan mutumin na Dandin Mahe?”

Bashir ya ce ya sani.

“Fara zuwa ka gaishe shi.”